Yadda ake gwada kariyar dafi a halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya

Blepharisma japonicum halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, launinta ja mai haske, tsawonta da ƙyar yake kai rabin milimita. Tana zama a ƙasan tafkuna da kududdufai, inda ganye ke ruɓewa. Ba ta da sulke, ba ta da gudu. Amma idan mafarauci irin Dileptus, wanda shi ma ƙwaya ɗaya ne, ya taɓa ta da dogon hancinsa, nan take sai ta fesa jan sinadari a daidai wurin da aka taɓa ta. Shi ya ja da baya a guje, ita kuma ta yi gaba abinta. Duk mai madubin duba ƙananan halittu zai iya ganin wannan. Abin da ke da wuya shi ne tabbatar da cewa sinadarin ne ya kore shi, ba girman jikinta ba, ba motsinta ba, ba kuma wani abu da ke cikin ruwan ba.

Hanyar tabbatarwa ɗaya ce, kuma duk sauran matakai hidima suke yi mata. A samu halittu 'yan asali ɗaya, a raba su gida biyu, a bar wa kashi ɗaya makaminsa, a kwance wa ɗayan nasa ba tare da an raunata shi ba, sannan a ba mafarauci kowane kashi a ga abin da zai faru. Tun 1949 Arthur Giese na Jami'ar Stanford ya nuna cewa jan sinadarin Blepharisma yana kashe wasu ƙananan halittu. Sai a 1990 Akio Miyake da Terue Harumoto da abokan aikinsu suka nuna amfaninsa a fagen farauta: Dileptus yana cinye Blepharisma marar launi, amma ja tana kuɓuce masa, har shi ne ke mutuwa idan suka yi masa yawa.

Zaɓen abin farauta da mafarauci

Dafin yana ajiye ne a cikin 'yan jakunkuna ƙanana, girman kowace bai kai maikuromita ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) ba galibi, jere a ƙarƙashin fatar halittar, tsakanin layukan gashin da take iyo da shi. Gara mai fara wannan aiki ya fara da Blepharisma, saboda jakunkunanta masu launi ne, ido ma zai gaya maka ko sun fita ko suna nan. Dafinta shi ne blefarismin. Mai bi mata wajen sauƙi ita ce Stentor coeruleus, shuɗiya mai siffar kakaki, wadda kan miƙe har milimita 1 zuwa 2, dafinta sitentorin. Sinadaran biyu dangin haifarisin ne a tsarin sinadari, wato jan sinadarin tsiron Hypericum perforatum, kuma dukkansu haske yana ƙara musu ƙarfi.

Sauran sun fi wuya don dafinsu ba shi da launi. Climacostomum virens tana da kilimakostol, wanda aka gano tsarinsa a 1999, C15H22O2, sinadari mai son maiƙo. Korenta kada ya ruɗe ka, na ƙananan tsiran ruwa ne da ke zaune a cikinta, ba na dafi ba. Spirostomum teres tana da sifirostomin, 'yar'uwarta Spirostomum ambiguum kuma tana da wani sinadari dabam daga dangin haidurokwinon. Ƙungiyar Federico Buonanno da Claudio Ortenzi a Jami'ar Macerata ta Italiya ta yi aiki mai yawa a kan waɗannan.

Mafaraucin da aka fi amfani da shi shi ne Dileptus margaritifer. Yana da dalili: ba ya haɗiye abu kai tsaye, sai ya fara harbinsa da ƙananan kibau masu dafi da ke jere a hancinsa, don haka akwai 'yan daƙiƙu da ake ganin hari da martani filla-filla. Kada a ɗauki Didinium, wani mafaraucin mai ƙwaya ɗaya. Paramecium, wata ƙaramar halitta mai gashi, kusan ita kaɗai ce abincinsa, don haka idan ya ƙyale Blepharisma ba ka koyi komai ba.

An fi so a samo iri daga ma'ajiyar halittu, kamar CCAP da ke Oban a Sukotlan ko ATCC a Amurka, domin an san sunansa tabbas. Wanda ya ɗebo daga tafki kuwa dole ya ware ƙwaya ɗaya da siririn bututun gilashi, ya wuce da ita ta ɗigo biyar na ruwa mai tsabta ɗaya bayan ɗaya, ya raine ta ita kaɗai har ta yi yawa. Wannan ba ƙawa ba ne. Blepharisma japonicum tana da jinsin haɗuwa biyu, kuma idan suka ji yunwa a kwano ɗaya sai su manne bibbiyu, gwajin ya lalace.

Ruwan aiki da abinci

Ruwan famfo ba ya yi. Akwai kulorin a ciki, wani lokaci da jan ƙarfe daga bututu, kuma jan ƙarfe yana da matsala ta musamman a nan: kilimakostol yana aiki tare da shi wajen lalata DNA, don haka ɗan kaɗan ma zai iya sauya sakamako. Ruwan da masu wannan fanni suka saba da shi ana kiransa SMB. A kowace lita ta ruwan da aka tace ta hanyar tururi ana zuba (mM na nufin milimola a lita, ma'aunin kaurin sinadari a ruwa):

NaCl, miligiram 88 (1.5 mM)
KCl, miligiram 3.7 (0.05 mM)
CaCl2·2H2O, miligiram 59 (0.4 mM)
MgCl2·6H2O, miligiram 10 (0.05 mM)
MgSO4·7H2O, miligiram 12 (0.05 mM)
fosfat na sodiyom, 2 mM, a daidaita pH (ma'aunin tsamin ruwa) a 6.8
EDTA (sinadarin da ke kama ɓurɓushin ƙarfe a ruwa), 0.002 mM

Auna miligiram 3.7 a sikeli neman kuskure ne. A haɗa gishirin mai ninki ɗari, a ajiye a firji, a riƙa ɗibar mililita 10 cikin lita ɗaya. Sai dai a ware fosfat a kwalbarsa, a ware kalsiyom a tasa, domin in suka haɗu da kauri sai farin gari ya kwanta a ƙasa, ruwan ya rasa kalsiyom. Kalsiyom kuwa shi ke tayar da fesa dafin, kuma shi ke sa mafarauci iyo da baya. Ruwa marar isasshen kalsiyom yana rage hari da martani duka biyu.

Blepharisma bakteriya take ci. A tafasa ƙwayar alkama na minti 10, a saka uku ko huɗu cikin mililita 100 na SMB, a bari kwana ɗaya zuwa biyu har ruwan ya ɗan yi hazo a kewayen ƙwayar, sannan a zuba iri. Idan ruwan ya yi wari ya yi fari fat, abinci ya yi yawa, iskar oksijin ta ƙare, a raba shi biyu a ƙara ruwa. Stentor da Climacostomum da Spirostomum sun fi kyau a kan Chlorogonium elongatum, wani koren tsiron ruwa mai ƙwaya ɗaya, wanda ake wankewa sau biyu da SMB kafin a ba su. Shi Dileptus ƙananan halittu masu gashi marasa dafi ake ba shi, kamar Tetrahymena. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 20 da 24 a ma'aunin Salsiyos. Blepharisma a duhu ake renonta, kullum.

Kwana ɗaya kafin gwaji a wanke kowa a mayar da shi cikin SMB zalla, ba abinci. Mafarauci mai ƙoshi ba ya kai hari. Amma kada yunwar ta wuce kwana biyu: Dileptus yakan koma cin 'yan'uwansa ko ya naɗe kansa cikin ɓawo ya kwanta, Blepharisma kuma wasunta kan zama ƙattai masu cin ƙanana.

Kwance makami

A nan aka fi yin ɓarna, don haka a yi a hankali.

Hanya mafi tsabta ita ce sanyin farat ɗaya. A tattara halittun cikin mililita 1 mai kauri. A ajiye mililita 5 na SMB a bututun gilashi cikin ƙanƙara mai ruwa-ruwa na minti 20 aƙalla, a sa ma'aunin zafi a tabbatar ya sauka zuwa digiri 0. A zuba mililita 1 ɗin a ciki gaba ɗaya, a juya sau ɗaya, a mayar cikin ƙanƙara, a ƙirga daƙiƙa 30. Idan Blepharisma ce, ruwan zai yi ja a gaban idonka.

Me ya sa ɗaya bisa biyar? Lissafi ne kawai. Kashi ɗaya mai digiri 23 da kashi biyar masu digiri 0 suna ba da kusan digiri 4 nan take. In aka yi ɗaya bisa ɗaya, digiri 11 da rabi za a samu, kuma wannan bai isa ba. Saurin faɗuwar zafin ne ke tayar da jakunkunan, ba sanyin kansa ba. Shi ya sa wanda ya saka kwano a firji ya jira yakan tarar da halittun sun yi laƙwas amma launinsu na nan. A ɗaya gefen kuma, barin su cikin ƙanƙara na mintoci da yawa yana kashe su ko ya lalata musu gashi.

Bayan daƙiƙa 30 a raba su da ruwan da sauri, tunda yanzu cikin dafinsu suke iyo. Kowace tana jure nata dafin fiye da yadda wasu ke jure shi, amma jurewar tana da iyaka. A wujijjiga bututun a na'urar santirifuj, mai juya bututu har abin da ke ciki ya kwanta a ƙasa, da ƙarfin 50 g (ninki 50 na jan ƙasa, ba giram ba) na minti ɗaya. Idan na'urarka juyi a minti take nunawa, kai mai nisan santimita 10 daga tsakiya zuwa gindin bututu yana ba da kusan 55 g a juyi 700. Fiye da haka sosai, manyan halittun nan sukan fashe. A tsiyaye ruwan sama cikin kwalbar gilashi da aka naɗe da takardar alminiyom, a ajiye shi cikin ƙanƙara, za a buƙace shi. A wanke halittun sau biyu da SMB mai zafin ɗaki, a bar su su huta awa ɗaya zuwa biyu.

Stentor da Spirostomum ambiguum manya ne, gara a bar su su kwanta da kansu ko a tsince su da bututu mai faɗin baki. Spirostomum takan tsuke jikinta cikin ƙiftawar ido in an taɓa ta, kuma bututu mai ƙunci yana yanka ta.

Hanya ta biyu ita ce laisozayim na farin ƙwai, wanda aka yi amfani da shi wajen Stentor. A gwada daga maikurogiram 50 a mililita, a haura zuwa 500, a tsaya a mafi ƙanƙantar adadin da ya fitar da launi. Illarsa ita ce yana manne wa fatar halitta da gilashi, kuma shi kansa yana iya cutar da mafarauci. Wanki uku ne mafi ƙaranci, kuma ruwan saman da aka samu ta wannan hanya bai dace da gwajin dafi ba sai an tsarkake shi. A ra'ayinmu, inda sanyi ya yi aiki ba a buƙatar laisozayim.

Kafin a ci gaba, a duba abu biyu. Na farko, jakunkunan sun fita? Ga masu launi, a kwatanta ɗigo biyu gefe da gefe a kan farar takarda. Ga marasa launi, a danne ƙwaya a hankali a ƙarƙashin murfin gilashi, a duba da ruwan tabarau mai ninki 40 ko 100, a ƙirga ɗige-ɗigen da ke tsakanin layukan gashi a wuri mai faɗi ɗaya, a ƙwaya goma na kowane kashi. Ba a fitar da su duka, raguwa mai yawa ake nema. Na biyu, halittun suna da lafiya? A ware ƙwaya goma daga kowane kashi, kowace a raminta da abinci, a ga ko suna rabuwa daidai da juna. In waɗanda aka kwance wa makami suna jan jiki ko sun daina rabuwa, Dileptus zai cinye su don rauni ne, kuma ba ka gwada dafi ba.

Kashin da aka bar wa makami ma sai ya sha duk wahalar da ɗayan ya sha: tattarawa, zubawa cikin mililita 5, wujijjigawa, wanki biyu. Bambancin kawai shi ne ruwansa mai zafin ɗaki ne. Kuma a fara gwaji a ranar, domin jakunkunan suna sake tsirowa. Washegari launi ya fara dawowa.

Kallon hari ɗaya-ɗaya

Ana amfani da gilashi mai kauri mai ramuka uku, kowane rami yana ɗaukar maikurolita 500, wato rabin mililita. A saka Dileptus kamar goma da abin farauta kamar hamsin, a sa ido a ƙaramin ninki, 20 zuwa 40. A bi mafarauci ɗaya har hancinsa ya taɓa abin farauta, a rubuta abin da ya biyo baya cikin ɗayan uku: ya ja da baya abin farauta ya tsere, ko ya ci wani yanki sauran ya tsere, ko ya cinye duka. A tara taɓawa talatin aƙalla ga kowane kashi.

Taɓawar farko ta kowane mafarauci ce kawai ake ƙirgawa. Wanda ya riga ya sha dafi hancinsa yakan gajarce ko ya lanƙwashe, harinsa na biyu ba irin na farko ba ne. Haka kuma bayan minti 20 ko 30 dafi ya taru a ramin, sai a buɗe sabo. Ga masu dafi marar launi, a sa wani ya lakaba wa ramukan lambobi ba tare da mai kallo ya san wane ne wane ba. Da Blepharisma wannan ba ya yiwuwa, launi yana tona asiri, don haka a ɗauki bidiyo a ba mutum na biyu ya ƙirga nasa.

Ƙidaya ta kwanaki

Kallo yana nuna abin da ke faruwa cikin daƙiƙu. Ƙidaya ita ke nuna ko kariyar tana da tasiri a kan rayuwa da haihuwa. A kowane rami a saka Dileptus 5 cikin maikurolita 500 na SMB. Rukuni na farko a ba shi masu makami 200, na biyu marasa makami 200, na uku ba komai. A ƙara rukuni biyu na abin farauta zalla ba mafarauci, ɗaya daga kowane kashi. Kowane rukuni rami uku aƙalla, shida ya fi.

Don sanin kaurin ruwan halittu, a ɗiba maikurolita 10 sau biyar, a ɗiga ruwan aidin na Lugol don su tsaya, a ƙirga, a ɗauki matsakaici, a ninka sau 100 a samu adadin mililita ɗaya. A girgiza kwalbar kafin kowane ɗiba, domin Blepharisma ƙasa take kwanciya.

A jera gilasan cikin kwano mai murfi da jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasa. Rabin mililita yana ƙafewa da sauri, kuma yayin da yake ƙafewa gishiri yana kauri, sai komai ya mutu a ɗora wa dafi laifi. A ƙirga Dileptus kowace rana a lokaci ɗaya, kwana uku zuwa biyar.

Idan kariyar ta gaske ce, Dileptus zai ƙaru a rukunin marasa makami, ya tsaya kusan yadda yake a rukunin yunwa, ya ragu ko ya ƙare a rukunin masu makami. Wannan kwatanci na ƙarshe shi ne mai nauyi. In mafarauci a cikin masu makami ya yi daidai da mai yunwa, abin da aka nuna shi ne ya kasa ci. In ya mutu kafin mai yunwa, to an kashe shi ne. A sa rai kuma cewa bambancin kashi biyun zai ragu a kwana na uku ko na huɗu, saboda waɗanda suka tsira sun sake ƙera jakunkuna.

Gwada dafin shi kaɗai

Yanzu a koma ga ruwan saman da aka ajiye. A sake wujijjiga shi da ƙarfi don a kawar da ɓurɓushi. Idan ba ka da tsarkakakken sinadari da za ka auna da sikeli, bayyana ƙarfinsa da adadin halittun da suka fitar da shi. Misali, ƙwaya 30,000 cikin mililita 1 da aka zuba a mililita 5 sun ba da ruwa mililita 6, kowace mililita tana ɗauke da dafin ƙwaya 5,000.

A jera bututu takwas, kowanne da mililita 1 na SMB. A zuba mililita 1 na ruwan dafi a na farko, a gauraya, a ɗebi mililita 1 zuwa na biyu, haka har na takwas, kowanne rabin na gabansa. A kowane mataki a saka Dileptus goma a rami, rami uku. A duba bayan awa 1 da bayan awa 24. Matacce shi ne wanda ya fashe ko gashinsa ya daina motsi gaba ɗaya. Wanda ya dunƙule amma gashinsa na kaɗawa yana da rai, kuma sau da yawa yakan farfaɗo. Abin da ake nema shi ne matakin da ya kashe rabi.

Dole a ajiye ramukan SMB zalla. In wasu sun mutu a can ma, a gyara lissafi da dabarar Abbott ta 1925: a cire mutuwar ramin zalla daga mutuwar ramin dafi, a raba da abin da ya rage idan an cire mutuwar ramin zalla daga ɗari, a ninka sau ɗari. Kashi 55 a ramin dafi da kashi 10 a ramin zalla suna ba da 45 bisa 90, wato kashi 50. In mutuwar ramin zalla ta wuce kashi 20, mafarautan ba su da lafiya, a zubar da gwajin a sake.

Gilashi kawai za a yi amfani da shi. Waɗannan sinadarai masu son maiƙo ne, suna manne wa roba, har bututu na takwas ya zama kusan ruwa zalla alhali takarda tana cewa akwai dafi. Gilashin kuma kada a wanke shi da sabulu a bar saura, domin ɗan sauran sabulu yana fasa waɗannan halittu, yana kuma sa su fesa jakunkunansu kafin lokaci. A ɗauraye da ruwan zafi, sannan da ruwan tururi sau uku.

Mai son adana dafin zai iya girgiza ruwan da itil asitet daidai yawansa, ya ɗebe na sama, ya busar da iskar naitirojin, ya narkar da abin da ya rage a ɗan itanol, ya ajiye a digiri 20 ƙasa da sifiri cikin duhu. Itil asitet yana kama wuta, a yi nesa da harshen wuta, a sa safar hannu. Lokacin gwaji itanol kada ya kai kashi 1 cikin ɗari a rami, kuma a yi ramin kwatanci mai itanol daidai wannan adadin.

Haske

Wanda ya yi gwajin blefarismin ko sitentorin bai rubuta hasken ɗakinsa ba, lambobinsa ba su da amfani ga kowa. Sinadaran biyu suna da dafi ko a duhu, amma idan suka sha haske suna miƙa ƙarfinsa ga oksijin, a samu nau'in oksijin mai ƙona fatar ƙwaya, kuma adadin da ake buƙata don kisa ya ragu sosai. Don haka kowane gwaji a yi shi sau biyu a lokaci guda, jeri ɗaya naɗe da takardar alminiyom, ɗaya a ƙarƙashin fitila ɗaya a tazara ɗaya da aka auna aka rubuta. Fitilar LED ta fi, don ba ta dumama ruwa. In fitila mai zafi ce, a sa kwanon ruwa tsakaninta da gilasan, in ba haka ba zafi ake gwadawa.

Fitilar madubin kanta haske ce. Blefarismin yana shan haske sosai a kusa da nanomita 575 (ma'aunin tsawon zangon haske, wanda ke nuna launinsa), sitentorin kuma ya ɗan matsa wajen 600 da 'yan kai, don haka jar leda ta kowace iri ba ta isa kariya ba. A nemi matatar haske ja mai duhu wadda ba ta barin ƙasa da nanomita 650 ya wuce, a rage fitilar iya yadda ido zai gani, a gama ƙidaya da wuri.

Haske yana sauya ita Blepharisma ɗin ma. A matsakaicin haske jan launinta yana komawa shuɗi-shuɗi mai toka, domin blefarismin ya zama oksiblefarismin. A haske mai ƙarfi dafinta yana kashe ta. Idan kwanon reno ya canza launi, wannan ba irin da aka fara da shi ba ne ta fuskar sinadari, kada a haɗa sakamakonsu. Kilimakostol da sifirostomin ba su dogara da haske haka ba, amma yin jerin duhu da na haske bai ɓaci ba, ko don a nuna babu bambanci.

Inda fassara ke karkacewa

Kuɓuta ba kullum dafi take nufi ba. Paramecium tana tsere wa Dileptus ta hanyar harba ɗaruruwan siraran allurai da ke tura ta gefe, kuma Harumoto da Miyake sun nuna haka a 1991 da irin da ba ya iya harbawa. A gwajin kallo za ta yi kama da mai dafi, amma ruwan samanta ba zai kashe mafarauci ba. Wasu nau'o'in Euplotes kuma, kamar yadda Kuhlmann da Heckmann suka bayyana a 1985, suna faɗaɗa jikinsu idan suka ji sinadarin mafaraucinsu Lembadion a ruwa, har su fi ƙarfin bakinsa. Akwai sinadari a labarin, amma na mafarauci ne, kariyar ta siffa ce. Saboda irin waɗannan ne ake buƙatar gwaji ukun tare: kallo, ƙidaya, da dafi shi kaɗai.

Akwai kuma lokacin da kashi biyun duka ke tsira, ko duka a cinye su. Kafin a ce babu kariya, a canza mafarauci. Stenostomum sphagnetorum, wata siririyar tsutsar ruwa mai ƙwayoyi da yawa, tana haɗiye abin farauta ɗungurungum, kuma idan ya fesa dafi a cikin maƙogwaronta sai ta amayar da shi, sau da yawa da ransa. Ana renonta a SMB da Paramecium, a hana ta abinci kwana ɗaya. A saka tsutsa ɗaya a rami da abin farauta ashirin, a rubuta haɗiya nawa ta ƙare da amai, da daƙiƙa nawa tsakanin haɗiya da amai, da ko abin da aka amayar ya ci gaba da iyo bayan awa ɗaya. Tsutsar tana rabuwa ta hanyar jeruwa kamar sarƙa, don haka a zaɓi masu kai ɗaya da tsawo kusan ɗaya, domin mai shirin rabuwa ba ta cika ci ba.

Duk ruwan reno da aka gama da shi a dafa shi a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15, ko a zuba masa bilic a bar shi ya kwana, kafin a zubar. Irin da aka samo daga ma'ajiya bai kamata ya shiga magudanar ruwa da ransa ba.